Kirari a Kan Azurfa: Dinarin Rumawa da Hotunansa

Duk Bahaushen da ya ce zinariya, sunan wani tsohon kuɗin Rumawa ne ya fito daga bakinsa, ko ya sani ko bai sani ba. Kalmar ta zo mana daga dinar na Larabawa, su kuma sun gaje ta daga denarius na harshen Latin. A wurin masu sunan na asali kuwa, dinari kwandalar azurfa ce, 'yar ƙarama da faɗinta bai cika santimita 2 ba, wadda ta yi shekara kusan 450 ana biyan soja da ita, ana biyan haraji, ana sayen alkama da bayi, tun daga Birtaniya har bakin kogin Furat. Kowace kwandala da hotonta gaba da baya: alloli, dawaki, giwa, kada, raƙumi, jirgin yaƙi, sarakuna a durƙushe. Wanda ya jera su a gabansa zai ɗauka littafin tarihi ne aka rubuta masa da ƙarfe, kowane shafi da shekararsa. A ganina hotunan nan kirari ne, kuma da kunnen sauraron kirari ya kamata a saurare su. Kirari yakan tsaya a kan wani abu da ya faru da gaske, sai ya kumbura shi, ya haɗiye sunan wanda ba a son ji, kuma muryarsa ta fi tashi daidai wurin da mai shi ya fi jin rauni.

Da farko dinari bai iya kirarin kowa ba. An fara buga shi wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da Hanibal na Kartaj ke cikin ƙasar Italiya da rundunarsa, baitulmalin Roma kuma ya yi ƙasa. Nauyinsa kusan giram 4.5 ne, azurfa tsantsa, an sa masa alamar X, wato goma, domin yana daidai da kwabbai goma na tagulla, kuma daga wannan goma ɗin sunansa ya fito. A fuska akwai kan mace da kwalkwali, ita ce Roma, birnin kansa a siffar mutum. A baya tagwayen alloli Kastor da Poluks a kan dawaki, masu a hannu, ƙarƙashinsu an rubuta ROMA. Da hannu ake buga shi ɗaya bayan ɗaya: mai sassaƙa ya zana hoton a juye a kan hatimin ƙarfe guda biyu, a kafa ɗaya a jikin uwar maƙera, a ɗora ɗan faifan azurfa, a aza ɗayan hatimin a kai, sannan a sauke guduma. Shi ya sa ake samun dinarin da hotonsa ya karkace, ko rabin rubutun ya faɗa waje. Gidan bugun yana kan tudun Kapitol, jikin ɗakin bautar Juno Moneta, kuma kowace shekara samari uku na manyan gidaje ke kula da shi, muƙami ne na masu fara hawan matakalar siyasa. Shekara wajen saba'in samarin nan suna zuwa suna wucewa, abin da suke iya sakawa bai wuce harufan sunansu ko wata 'yar alama a gefe ba. Hoton na birni ne, ba wanda ya taɓa shi.

Daga wajen shekara ta 137 kafin Miladiyya sai abin ya canza, kuma ruwa ba ya tsami banza. A shekara ta 139 aka yi dokar da ta kawo ƙuri'ar sirri a zaɓen shugabanni, babban mutum ya daina iya tsayawa ya ji wanda barorinsa da masu cin arzikinsa suka zaɓa. Masana irin su Michael Crawford, wanda ya tsara dukan kuɗaɗen zamanin Jamhuriya a 1974, sun haɗa abubuwan biyu: tun da tsoro ya daina kawo ƙuri'a, dole a nemi suna, kuma ga azurfa nan tana shiga kowane hannu. Sai kowane saurayi ya ɗauko kakansa. Mai suna Titurius Sabinus ya sa kan Tatius, sarkin Sabiniyawa na zamanin kafa birni, don a san daga ina gidansu ya fito. Wani ya sa macen kerkeci tana shayar da tagwayen da suka kafa Roma. Amma dinarai biyu ne suka fi nuna yadda kirarin ke aiki, kuma dukansu da mutum a durƙushe. A shekara ta 56 Faustus, ɗan Sulla, ya buga hoton ubansa zaune a kan karaga, Bokus sarkin Muritaniya ta da yana durƙushe a gabansa da reshen zaitun, Jugurta sarkin Numidiya kuma, ƙasar da ke Aljeriya ta yau, yana gefe an ɗaure masa hannu ta baya. Abin ya faru, a shekara ta 105 Bokus ya ci amanar Jugurta ya miƙa shi ga Sulla. Sai dai a lokacin Sulla ƙaramin jami'i ne, babban kwamandan da ya yi yaƙin shi ne Mariyas, wanda daga baya ya zama babban abokin gabarsa, kuma ko inuwar Mariyas babu a kan kwandalar. Na biyun ya fi wannan rashin kunya. A shekara ta 58 Markus Skaurus ya buga Haris, sarkin Larabawan Nabatiya, a durƙushe kusa da raƙuminsa, riƙe da linzami da reshen neman sulhu. Marubucin tarihi Yusifus ya ba da labarin yaƙin: Skaurus ya tunkari birnin Petra, hanya ta yi masa wuya, yunwa ta kama sojansa, a ƙarshe ya karɓi kuɗi talanti 300 ya juya. Haris ya sayi zaman lafiyarsa da kuɗi ya ci gaba da sarauta, amma mutumin Roma da ya karɓi wannan dinari ya ga Balarabe a ƙasa.

Duk da wannan alfahari, akwai iyakar da ba a tsallakewa. Fuskar kwandala wurin alloli ne da matattun kakanni. Sa kan mai rai a nan ɗabi'ar sarakunan Girkawa ce, Rumawa kuwa tun da suka kori sarkinsu na ƙarshe ba kalmar da suka ƙi ji kamar sarki. Yuliyas Kaisar ya bi abin a hankali. A shekara ta 49, da ya ƙetare da runduna ya shiga Italiya, ya buga dinari mai giwa tana take maciji, da sunansa kawai a ƙasa. Daga baya ya buga Iniyas, jarumin da gidansu ke cewa shi ne kakansu, yana ɗauke da tsohon ubansa a kafaɗa. A farkon shekara ta 44 sai ga fuskarsa da kanta a kan dinarin birnin Roma, da dogon wuya mai tamoji, wasu ma da rubutun da ke kiransa mai mulkin har abada. Ran 15 ga Maris na wannan shekara aka soke shi har lahira a zaman majalisar dattawa. Ba zan ce kwandala ce ta kashe shi ba, amma amsar da makasansa suka bayar a kan kwandala suka ba da ita. A shekara ta 42 Burutus, ɗaya daga cikinsu, ya buga dinarin da ya fi kowane shahara: a baya wuƙaƙe biyu, tsakaninsu hular da ake sa wa bawa ranar da aka 'yanta shi, ƙarƙashi an rubuta EID MAR, wato tsakiyar Maris, ranar kisan. Bawa a nan mutanen Roma ne, wuƙaƙen ne suka 'yanta su. Juya kwandalar kuwa, sai ka ga fuskar Burutus, yana raye, a daidai wurin da Kaisar ya sa tasa. Mutumin da ya yi kisa don hana sarauta ya ga cewa sojan da yake biya suna bukatar sanin fuskar mai biyan. Kafin shekarar ta ƙare an ci shi da yaƙi a Filibi, ya kashe kansa, iyakar da aka tsallake kuma ba a sake mayar da ita ba.

Agustas, magajin Kaisar, shi ya mai da abin sana'a. Bayan faɗuwar abokin hamayyarsa Antoniyas da Kiliyobatra ta Masar ya buga kada da rubutun cewa an kama Masar, ba a ambaci Antoniyas ba, domin yaƙin basasa ba abin kirari ba ne, gara a ce da baƙi aka gwabza. Tutocin da Farisawan Partiya suka ƙwace daga rundunar Rumawa ta Krassus a shekara ta 53, ta hanyar sulhu ya karɓo su a shekara ta 20, ba a harba kibiya ba, amma dinarin ya nuna Bafarishe a gwiwa yana miƙa tuta. Da tsufa ya zo, ya cika daula da dinari mai hoton jikokinsa Gayus da Lukiyas tsaye da garkuwa da masu, don ido ya saba da magada; dukansu biyu sun riga shi mutuwa. Waɗanda suka biyo baya su ne suka fi tona asirin kirari. Oto, wanda ya yi wata uku kacal a kan mulki a shekara ta 69 Miladiyya, cikin yaƙin basasa, ya buga zaman lafiyar duniya baki ɗaya. Nerva, dattijon da majalisa ta naɗa a shekara ta 96, ya buga hannu biyu a cikin musafaha da rubutun haɗin kan rundunoni. Shekara na zagayowa dogarawansa suka tsare shi a fada, suka tilasta masa ya miƙa musu waɗanda suka kashe Domishiyan, sarkin da ya gada. Sarkin da sojansa ke masa biyayya ba ya bukatar rubuta hakan a kan kuɗi. Mai neman sanin abin da ke hana Kaisar barci a wata shekara, ya duba abin da dinarin shekarar ke rantsuwa a kai.

To, ba kowa ya yarda da wannan karatu ba. A 1956 masanin tarihi na Ingila A. H. M. Jones ya kwatanta hotunan kuɗin Rumawa da kan sarkin da ake manna wa wasiƙa: gwamnati ta zaɓi zane, amma wa ke tsayawa ya duba? Yawancin mutanen daular ba su iya karatu ba, rabin daular ma Girkanci suke ji, rubutun kuwa Latin ne da aka gajarta har ya zama harufa. Maganar tana da nauyi, kuma ta gyara waɗanda ke ganin siyasa mai zurfi a kowane reshen zaitun. Amma shaidun zamanin sun nuna ana dubawa. Kassiyas Diyo, da ya zo rubuta tarihi shekara fiye da 250 bayan Burutus, ya bayyana kwandalar wuƙaƙen nan da ma'anarta. Shi ne kuma ya ce majalisa ta sa an narke kuɗin tagulla masu fuskar sarki Kaligula bayan an kashe shi, ba a narke abin da ba wanda ke kallo. Marubuci Suwetoniyas ya ruwaito cewa a zamanin sarki Tibariyas laifi ne babba mutum ya shiga bayan gida ko gidan karuwai da kwandala mai hoton Agustas a jikinsa. A littafin Linjila da Kiristoci ke karantawa, da aka tambayi Annabi Isa batun biyan haraji ga Kaisar, dinari ya ce a nuna masa, ya tambayi hoton wane ne a kai, masu tambayar suka amsa nan take. Rashin karatu ma dalili ne na sa hoto. Wanda bai san harafi ba ya san kada, ya san raƙumi, ya san abin da durƙuso ke nufi.

Akwai masu cewa kuma, Kaisar da ke fama da iyakoki da majalisa da makircin cikin gida ba shi da lokacin zaɓen zanen kwandala. Ƙananan ma'aikatan gidan bugu ne ke zaɓa, don haka bai kamata a kira hoton muryar sarki ba. Wannan ma yana iya zama gaskiya a mafi yawan shekaru, ko da yake Suwetoniyas ya ce Agustas da kansa ya sa aka buga azurfa da alamar tauraron haihuwarsa, Nero kuma ya sa aka buga shi yana kaɗa garaya. Amma ko an yarda da maganar dukanta, ƙara wa hujjata ƙarfi take yi. Sarki ba ya tsara wa kansa kirari, maroƙi ke tsarawa, kuma gwanintar maroƙi ita ce ya san abin da ubangidansa ke son ji kafin ya faɗa. Ma'aikacin da ya zana musafahar Nerva ya san halin da fada ke ciki, ya kuma san abin da ba a isa a zana ba.

Ƙalubalen da ya fi waɗannan ƙarfi shi ne cewa azurfar mutane ke bi, hoton oho. Marubuci Tasitus ya ce Jamusawan bakin iyaka sun fi son tsofaffin dinaran Jamhuriya, masu baki kamar haƙoran zarto da masu hoton keken dawaki biyu, saboda sun san azurfarsu mai kyau ce. A wurinsu hoton shaidar ƙarfe ne kurum. A kudancin Indiya an tono tukwane cike da dinaran Agustas da Tibariyas da fataken barkono suka kai, da yawa an sare fuskar Kaisar da kurfi, abin da ya rage shi ne nauyi. Sannan ga dinarin Antoniyas, wanda ya buga da yawan gaske a shekarun 32 da 31 kafin Miladiyya don biyan rundunarsa, gefe ɗaya jirgin yaƙi, ɗaya gefen gaggafa tsakanin tutoci da lambar bataliya. Agustas ya ci shi da yaƙi, amma bai janye kuɗinsa ba. Da yake azurfarsu ba ta kai ta sauran ba, ba wanda ya damu ya ɓoye su ko ya narke su, sai suka yi ta yawo hannu zuwa hannu fiye da shekara 200, har jirgin ya shafe. Na yarda da wannan duka. Abin da yake nunawa shi ne kirarin kwandala yana da ranarsa, kamar kowane kirari, kuma ranar ita ce ranar biya. Mafi yawan kuɗin da daular ke kashewa soja ke ci. Sojan ƙasa a zamanin Agustas dinari 225 yake samu a shekara, Domishiyan ya kai shi 300. Sabon dinari yakan fito daga guduma ya shiga tafin hannun soja yana ƙyalli, da fuskar wanda ya biya da maganar da yake son a riƙe, kuma kowa ya ci ladan kuturu ya san aikin da ke gabansa. Shi ya sa duk wanda ya yi tawaye, ko mulkinsa na makonni ne, abin da yake fara nema shi ne maƙeri da hatimi. Bayan wannan rana kwandala ta zama kuɗi kawai, ɗan canji ya buga ta a dutse ya ji ƙararta, ya kankare gefenta ya ga ko jabu ce mai cikin tagulla.

Nan ne kirarin dinari ya bambanta da na baki: ƙarfen da ke ɗauke da shi yana iya ƙaryata shi. A shekara ta 64 Nero ya rage nauyin dinari ya koma wajen giram 3.4, ya kuma ƙara masa jan ƙarfe. Magadansa suka bi sawu kaɗan-kaɗan. A hannun Septimiyas Seferus, ɗan Leptis Magna ta Libiya ta yau, wanda ya ƙara wa soja albashi, azurfar ta sauko kusan rabi. Ɗansa Karakalla a shekara ta 215 ya fito da sabuwar kwandala, kansa da rawani mai tsinin hasken rana, aka ce a karɓe ta a kan dinari biyu alhali nauyinta na ɗaya da rabi ne. Nan hoton ya ɗauki aikin da bai taɓa yi ba, domin rawanin ne ke faɗin daraja, ma'auni na faɗin wani abu dabam. Wajen shekara ta 240 aka daina buga dinari a kai a kai, kafin shekara ta 270 kuma sabuwar kwandalar ta zama jan ƙarfe da aka shafa wa ruwan azurfa, abin da ke ciki bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, shafen yakan goge da ɗan yawo a hannu. Mutane suka yi abin da Jamusawan Tasitus suka yi, suka zuba tsofaffin dinarai a tukwane suka binne, suka kai sababbi kasuwa. A daidai shekarun nan ne rubutun amincin soja da nasara da zaman lafiya na har abada ya fi yawa a kan kuɗi, alhali sarakuna na hawa suna faɗuwa a hannun sojansu, kaɗan ne ke mutuwa a kan gado.

A shekara ta 244 Kaisar Filibus Balarabe ya gaji runduna da ta sha kashi a ƙasar Iraƙi ta yau, ya yi sulhu da Shabur na ɗaya, sarkin Farisa, ya buga azurfa da rubutun cewa an kafa zaman lafiya da Farisawa. Bayansa Kaisar Faleriyan ya buga tasa yana kiran kansa mai farfaɗo da Gabas. A shekara ta 260 Shabur ya kama shi da rai kusa da Edessa, bai sake ganin Roma ba. Shabur ma ya san kirari, sai dai shi a jikin dutse ya sa aka sassaƙa nasa, a Naƙshi Rustam kusa da Shiraz, inda yake har yau. Yana kan doki da rawaninsa, ya riƙe wuyan hannun wani Kaisar da ke tsaye, wani Kaisar ɗin kuma yana gaban dokin, gwiwa ɗaya a ƙasa, hannuwa a miƙe, irin durƙuson da Skaurus ya sa Haris ya yi kusa da raƙuminsa shekara 300 kafin nan. Masana da yawa sun ce na tsayen Faleriyan ne, na durƙushen Filibus. A rubutun da Shabur ya bari a wurin, cikin harsuna uku, ya faɗi abin da Filibus ya biya don a bar shi ya koma gida da sojansa: dinari 500,000.